Tambayi Baba Mai Keke: Yini Guda a Duwatsun Atlas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, nan Kaduna, shekaruna 38. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine babur na koma zuwa aiki a keke, kuma duk Asabar nakan yi kilomita 50 ko 60 ban ji komai ba. A wata fitowa ta baya ka ambata a gurguje cewa ka taɓa bin ayarin masu keke na kwana bakwai cikin duwatsun Maroko, da ɗan jagora da mota tana biye da ku. Don Allah ka ba mu labarin yini guda, daga safe zuwa dare. Me ake yi, me ake ci, kuma mai yin 60 a Kaduna zai iya? 'Yan majalisarmu sun ce yawon masu kuɗi ne kawai, wai da ka gaji mota ce ke ɗauke ka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe min da 'yan majalisar taku, ka ce musu rabin maganarsu gaskiya ce. Motar tana nan, kuma ni da ke rubuta maka wannan amsa na shige ta. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Ziyara ce ta kai ni Maroko, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ke Fas, inda ya rasu a 1815. Babban ɗana ne ya ga tun da likita ya mayar da ni kan keke saboda hawan jini ba ni da wata hira sai ta feda, shi ne ya biya min mako guda a ƙarshen tafiyar. Na baro abokan ziyara a Fas, na hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, washegari aka miƙa min keken haya da hular kwano. Mu 11 ne: Jamusawa uku, Faransawa, wasu mata da miji daga Ingila, da wata dattijuwa 'yar Holan mai shekara 67. Bahaushe ni kaɗai.

Tsarin tafiyar bai zame min baƙo ba, domin kakana falke ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, kuma mun taso muna jin labarin ayari a bakin kakarmu. Abin da ta faɗa shi na tarar, jakuna ne kawai suka koma kekuna. Akwai madugu, wani saurayi Ba'amazige ɗan duwatsun, wato ɗan ƙabilar Amazig ta asalin yankin, shi ke yanke inda za a tsaya da inda za a yada zango. Akwai na biyunsa da ke tafe a can baya da jakar kayan gyara, ba ya wuce kowa, komai sanyin jikin mutum. Shi na sa wa suna uban dawaki. Sai direba, wanda ke ɗauke da jakunkunanmu da ruwa da abincin rana. Kai dai naka feda.

Yinin da zan ba ka labari shi ne na biyu, ranar da muka haye Tizi n'Tishka. Da harshen mutanen wurin, tizi na nufin mashigin dutse, wato ƙofar da hanya ke bi ta tsallake tsauni. Ita ce babbar hanyar da ta haɗa Marrakesh da Warzazat, tafiyar kusan kilomita 200, kuma ƙofar tana wajen tsakiya, a tsayin mita 2,260 daga bakin teku. Sojojin Faransa ne suka fasa titin mota a wurin a 1936.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki a gindin duwatsun. Da asuba na fito alwala, ruwan ya cije ni a hannu kamar tsakiyar hunturu a Jos, alhali watan Oktoba ne. Ƙarfe bakwai aka jera karin kumallo: burodi mai faɗi, man zaitun, zuma, dafaffen ƙwai, da wani abu da suke kira amlu, wanda ake niƙa almon da zuma da man argan, kamanninsa da ɗanɗanonsa sun so su yi tunkuza mai zaƙi. Sai shayi da na'a-na'a, ana ɗaga buta sama ana tsiyaya shi yana kumfa, sak yadda Buzaye ke yi a bakin shaguna nan Kaduna. Ina cikin kurɓa madugu ya shimfiɗa wata takarda a tebur, mai zane kamar haƙoran zarto, da lambobi biyu a samanta: kilomita 74, hawa mita 1,600.

Na kalli 74 na yi murmushi. Bai ma kai Kaduna zuwa Zariya ba. Lamba ta biyun ko kallo ba ta ishe ni ba, kuma ita ce yinin gaba ɗaya.

Nan ne amsar tambayarka take, Malam, don haka bari in ɗan zauna a kai. Mu mutanen fili da tsawo muke auna tafiya. A dutse kuwa da tsayi ake aunawa. Kaduna tana zaune a kusan mita 600, Jos a kusan 1,200, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Taraba kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne. Ka ga ƙofar Tishka kaɗan ya rage ta kamo shi, kuma titin kwalta ne ya bi ta kai. Mita 1,600 ɗin da ke takardar kuwa jimillar duk wani tudu ne da za ka hau a yinin, ba a cire maka gangara a lissafi. In ka ɗauka kowane hawa na bene mita uku ne, to bene ne mai hawa fiye da 500, kai da kekenka da gorunan ruwanka. Kilomita 60 ɗinka ta Asabar, in irin hanyoyin da nake bi ne ta Kawo da Mando, agogon kekena bai cika nuna min hawan da ya wuce mita 300 ko 400 ba.

Ƙarfe takwas muka tashi. Ni kuwa tsohon hannu, wanda ya koyi keke a kan Raleigh ɗin babansa mai birkin ƙarfe, wadda ba ta san wata aba giya ba, na taso da aƙidar cewa namiji miƙewa yake yi a kan feda ya taka tudu da ƙarfin cinya. Sauko da giya ƙasa a wurina kamar roƙon arziki ne. Sai na manne wa Jamusawan nan uku a gaba, na bar kaca a babban faifai, ina jin kaina. Madugu ya matso kusa da ni, ya nuna ƙafata ya ce, “Hajj, imik simik.” Na tambaye shi ma'ana, ya ce kaɗan-kaɗan. Na ce ai mu ma muna da ita a Hausa, sannu ba ta hana zuwa. Na fassara masa, ya yi dariya, ni kuma na ci gaba da abin da nake yi.

Wajen awa ɗaya da rabi muna hawa cikin itatuwa, har muka kai wani ƙoli, na ce alhamdulillahi an rage. Sai kawai hanya ta sunkuya, ta zubar da mu cikin wani kwari. Duk zufar da na tara ta tafi a banza cikin minti goma. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, kuma dutse ya iya wannan yaudara: ka hango kwana ka rantse ita ce ta ƙarshe, ka zagaya ta ka tarar da wasu uku a samanta.

Kwarin nan shi ne wuri mafi kyau a yinin, kuma na yi nadamar wuce shi kai a sunkuye ina kallon tayar Bajamushe. Abin da na samu na gani: ƙauyuka manne a jikin tsauni, ginin ƙasa mai soro, launinsu ɗaya da dutsen har sai ka ga shanya ko hasumiyar masallaci kafin ka gane gari ne. Ka ce wani ya ɗauko unguwa daga cikin birnin Zazzau ya liƙa ta a bango. Gonakinsu 'yan mitsi-mitsi, hawa-hawa kamar matakala, wata ba ta fi tabarma huɗu ba. Mata na tafe da dammunan ciyawa a baya da suka fi su girma, yara na kora alfadarai. Allunan gwamnati kuma da rubutu iri uku, Larabci da Faransanci da Tifinag, wannan rubutun mai da'ira da ɗigo da gicciye da muke gani wurin Buzaye. Ashe Buzaye da mutanen duwatsun nan 'yan uwan juna ne ta harshe.

A Taddart, ƙauyen ƙarshe kafin hawan gaske, motarmu na jira. Gari ne na matafiya, hayaƙin gashi ko'ina, naman tumaki rataye a ƙofar shaguna, tukwanen tajin, wato dahuwarsu ta nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, jere a kan garwashi. Direba ya fito da ayaba da dabino da gyaɗa. Na sha ruwa, na ɗauki dabino biyu don kada a ce na ƙi, na ce ba na jin yunwa. Dattijuwar nan 'yar Holan ta iso bayanmu da kusan minti 20, ta zauna ta ci ayaba biyu, ta cika aljihun rigarta da dabino, ta tashi ba ta ce wa kowa uffan ba.

Daga nan hanya ta fara naɗewa. Babu itace, babu inuwa, sai baƙin dutse da jan dutse, da titi yana kai da komo a jikin tsauni kamar an warware rawani. Tireloli na nishi a giya ɗaya, waɗanda ke saukowa kuma ƙaurin birkinsu ya cika iska. A kowace kwana akwai saurayi riƙe da dutsen da aka fasa biyu, cikinsa na ƙyalli ja ko shuɗi, yana miƙo maka. Madugu ya riga ya gaya mana yawancin masu launin nan rini ne. Jamusawan suka fara yi min nisa, taku goma, taku hamsin, har na daina ganinsu. A lokacin ne na haƙura na sauko da giya, amma aikin gama ya gama. Sai na ji wani ɗan sauti a bayana, sir-sir-sir, na waiwaya. Dattijuwar ce, tana zaune daram a sirdi, giyarta a can ƙarshe, ƙafafunta na juyawa da sauri ba ƙarfi, kamar tela a kan keken ɗinki ana gobe Sallah. Ta wuce ni tana tauna dabino. Har ta ɗaga min hannu.

Saura kilomita biyar ko shida a kai ƙofa, jikina ya mutu. Ba gajiya ba ce irin wadda ka sani. Ƙafafun suna nan amma kamar na aro ne, hannuna na karkarwa, zufa mai sanyi ta keto min, ina gani dishi-dishi, kuma ba gaira ba dalili na ji haushin kowa, har ɗan nawa da ya biya kuɗin. Na sauka na jingina da ƙarfen gefen titi. Uban dawaki ya iso, ya dube ni sau ɗaya, bai tambaye ni komai ba ya zaro dabino cikin tafin hannu ya ce in cinye duka. Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Jiki na ajiye sukarin aiki a tsoka da hanta, kuma in ana aikin ƙarfi ajiyar ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Wanda ke taka babbar giya yana haki ya fi saurin ƙone ta. Shi ya sa masu wannan harka ke cin wani abu duk rabin awa ko ƙasa da haka, ko suna jin yunwa ko ba sa ji, domin kafin yunwar ta yi sallama mai ya riga ya ƙare. Ga kuma iska: a irin wannan tsayi, abin da kake shaƙa a numfashi guda ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in aka gwada da bakin teku.

Aka kira mota. Aka ɗora kekena a sama, na shiga ina sunne kai, ina tunanin abin da zan gaya wa 'yan Asabar ɗinmu na Murtala Square. Ina ɗagowa sai ga ɗaya daga cikin Jamusawan da na yini ina bi, kwance a kujerar baya, ƙafa a sama, ya rufe fuska da tawul. Muka kalli juna, babu wanda ya yi magana. Direba ya miƙo min shayi daga fulas, sukarinsa har danƙo yake, ya ƙara sautin karatun Alƙur'ani da yake saurare. Ina jin “yuminuna” ba hamza na gane Warshu ne, karatun da aka biya mana a allo muna yara. Na kama bin sa a hankali, ya waiwayo da mamaki, ya ce a ina na koya? Na ce a zauren malaminmu. Daga nan har ƙarshen tafiyar ba ya zuba wa kowa shayi kafin ni.

Saura kamar kilomita ɗaya ya tsaya ya ce in ina so in ƙarasa da ƙafata. Na sauka, na sa giyar da na raina tun safe, na lallaɓa. Akwai hotona a falo, tsaye gaban allon da ke ƙofar Tishka, na ɗaga keke sama. Hoton bai faɗi zancen mota ba, yau dai ga shi na faɗa.

A saman babu wani abin a zo a gani sai 'yan shagunan tsaraba da iska mai kaɗa mutum. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida a duk mita 1,000 da ka hau, ga riga jiƙe da zufa, don haka abu na farko shi ne jaket, tun kafin hoto. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe wurin, har akwai shingayen da ake saukewa a tare motoci a ƙasa. Muka ɗan gangara inda dutse ya kare iska, aka shimfiɗa tabarmi: burodi, kifin gwangwani, wake, tumatir da albasa da zaitun, lemo. Na ci kamar wanda ya dawo daga noma. Ni da madugu da uban dawaki da direba muka haɗa Azahar da La'asar, raka'a bibbiyu, a kan tsakuwa, sauran suna shan shayi ba wanda ya damu da mu.

Kowa na tsoron hawa, amma gangara ce ke kai mutum asibiti. Kaɗan da wuce ƙofar muka bar babban titi muka karya hagu zuwa Telwet, hanya siririya, kusan kilomita 20. A nan na yi kuskure na biyu. Kekunan da muka gada daga Ingila, birkin gaba a hannun dama yake, na baya a hagu. A Maroko da Faransa da yawancin Turai akasin haka ne. Madugu ya faɗa tun ranar farko, ina gyaɗa kai hankalina na wani wuri. Na shigo wata kwana da gudu, na ga tsakuwa barbaje a kan kwalta, hannuna ya yi abin da ya saba shekara 40, ya damƙe hagu. Birkin kuwa mai faifai ne, ba irin na Raleigh da sai ka haɗa da addu'a ba. Tayar gaba ta cije, ta zame, na tsinci kaina a gefen hanya da gwiwar hannu a saɓule. Allah ya taƙaita, babu mota a baya, hular kwano kuma ta karɓi nata rabon. Uban dawaki ya wanke ciwon, ya ɗaure, ya miƙe kan keken da ya karkace ta hanyar matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, yadda kowane mai faci ke yi a Kasuwar Barci. Sannan ya sake biya min karatun: a rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba, a taɓa birki biyun tare, a saki, a sake taɓawa, feda ta ɓangaren waje na kwanar a ƙasa, ido a inda za ka, ba a ramin da kake tsoro ba.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Telwet. In kana son tarihi, Malam, wannan zangon naka ne. Kafin Faransawa su fasa titin Tishka, ta nan ayarin da ke fitowa daga Sahara ke bi su shiga Marrakesh. Gidan Glawi ne ke riƙe da mashigin, suna karɓar kuɗin fito, ga kuma ma'adinin gishiri a kusa, da haka suka ƙasaita. Mafi shahara cikinsu, Tuhami al-Glawi, ya yi Pasha, wato gwamnan Marrakesh, daga 1912 zuwa 1956. Ya haɗa kai da Faransawa, yana cikin waɗanda suka sa aka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar aka kai shi gudun hijira a 1953. Sarki ya dawo a 1955, Glawi ya rasu a farkon 1956, 'yan makonni kafin ƙasar ta sami 'yanci, aka bar gidansa na Telwet wa iska da ruwan sama. Daga waje kango ne na jar ƙasa, katangu sun zube. Mai gadi ya bi da mu ta wani dogon lungu mai duhu, ya tura wata ƙofa, sai ga ɗakuna da ƙananan tayil masu launi tun daga ƙasa, sassaƙen farar ƙasa a bango, rufin katako mai zane. Na tsaya a tagar ina kallon kwarin da raƙuma suka bi, na tuna fatar jar akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme, wadda ta ƙetare Sahara ta isa Turai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Na gaya wa mutanen Ingilan nan haka, matar ta rubuta a ɗan littafinta.

Sauran yinin ba shi da wani labari. Wanka, wankin wando don ya bushe kafin safe, uban dawaki na bin kekuna ɗaya bayan ɗaya yana goge kaca yana sa mai. Na je Magariba a masallacin garin, bayan sallah suka zauna suka karanta hizbi baki ɗaya da murya guda, kamar yadda suke yi kullum. Da dare tajin na rago da busasshen 'ya'yan itace. Madugu ya sake shimfiɗa takardarsa: gobe kwarin Unila zuwa Ait Bin Haddu, tsohon garin ƙasa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, yawanci gangara. A wannan karon lamba ta biyu na fara dubawa. Ƙarfe tara kowa ya kwanta, ƙarfe biyu jijiyar cinyata ta murɗe na tashi ina salati.

To ko za ka iya? Za ka iya, kai da ke da shekara 38 kuma kullum kana kan sirdi. Abin da 60 ɗinka ba ta koya maka ba shi ne tashi washegari ka sake, jibi ma ka sake. Don haka ka fara haɗa Asabar da Lahadi, sannan ka ƙara da Juma'a da yamma. Ka nemi duk tudun da ya fi tsawo a kusa da kai ka riƙa hawa kana saukowa sau takwas, sau goma, a zaune, da ƙaramar giya, da numfashin da za ka iya yin magana. Lokacin hunturu ka fuskanci arewa ta hanyar Zariya, iskar da ke tunkaro ka rabin tudu ce. In hali ya yi ka sa keken a mota zuwa Jos ko wajen Kagoro ka ɗanɗani hawan gaske, amma ban yarda ka fita bayan gari kai kaɗai ba, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, ba a watan jiya ba. Hawan jini ko ciwon sukari kuwa, likita ne farko kafin tikiti.

Zancen kuɗi, 'yan majalisarku ba su yi ƙarya ba, da tsada, musamman yadda naira ta koma, ga biza ga jirgi. Kafin ka biya kowa ko sisi ka sa a rubuta maka ko kuɗin ya haɗa da hayar keke, da abinci sau nawa, da inshorar asibiti, da mutum nawa ne a ayarin, da kuma jimillar hawan kowane yini.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Barnawa. Ina sha'awar keke tun ina yarinya amma ka san halin garinmu. Mata na bin irin wannan tafiya, kuma dole ne sai da matsattsun kayan nan?

AMSA: 'Yata, kin dai ji wadda ta wuce ni tana cin dabino. Cikin mu 11, huɗu mata ne. Matsattsun kaya ba sharaɗi ba ne. Abin da ba a wasa da shi shi ne gajeren wando mai soso a ciki, shi kuwa ana sa shi a ƙarƙashi, ki ɗora dogon wando da riga mai kai gwiwa. Ƙaramin hijabi mai shiga cikin riga yana zama lafiya a ƙarƙashin hular kwano. Abin da zan hana ki shi ne duk wani mai jan ƙasa ko mai kaɗawa, domin na taɓa ganin gyale ya shiga tayar babur a Kabala, ba na fatan sake gani. Ki ɗaure bakin wandon dama kada kaca ta kama. Batun fita kuwa, ki fara da sassafe cikin unguwa tare da maigida ko ɗan'uwa, ko ku haɗu ku uku ku huɗu. Bakin mutane ya fi kaifi a kan mace ɗaya.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Unguwar Rimi. Da na wuce awa ɗaya a keke sai mazaunaina su ɗauki zafi, gwiwa kuma ta riƙa ciwo ta gaba. Na sa a naɗe min sirdin da soso da leda amma abin ƙaruwa ya yi.

AMSA: Ɗana, cire sosan nan yau. Sirdi mai laushi da yawa nutsewa kake yi a ciki, nauyin ya bar ƙasusuwan zama biyu ya koma inda bai kamata ba, leda kuma ta tara zufa ta haɗa maka da ƙuraje. Ciwon gwiwa ta gaba kuwa, sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Mun saba sauke shi don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune, to wannan na masu tallar kunu ne, ba na doguwar tafiya ba. Jingina da bango, hau, ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. In gwiwa a lanƙwashe take, ɗaga sirdin kaɗan, kamar faɗin yatsa, ka yi kwana uku kana hawa kafin ka sake taɓa shi. Ka duba kuma hancin sirdin kada ya kalli sama. In bayan mako biyu gwiwar ba ta lafa ba, ko ka ga kumburi, ajiye keken ka je asibiti a duba ta.